Sunan Baffa a Bayan Allo

Kazaure,
cikin watan Rajab.

Zuwa ga yayana Muhammad Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen haƙar zinariya. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Na je gida na ga Inna, lafiyarta ƙalau sai kewarka. Goggo ma tana gaishe ka. Na ba Nafi'u direba wannan takarda ne tunda wayarka sai ka hau dutse take kamawa, kuma maganar da ke bakina ba ta tsayuwar kan dutse ba ce.

Yaya, Alhaji Maikasuwa ya zo shagonmu. Na san yanzu ka miƙe tsaye, to zauna ka ji sauran. Makarantar ƙauyenmu za ta cika shekara talatin, za su haɗa bikin da walimar saukar Alƙur'ani kafin azumi. Yana son a yi masa fim na tarihin makarantar, a nuna a babban allo mai haske irin wanda ake haya daga Kano, wanda ko da rana tsaka ana ganinsa. Ogana Musaddiƙ shi zai ɗauki hotuna. Ni kuma aka ba ni rubutun buɗe fim, tunda an san hannuna a wannan fanni, ko da kai ba ka yarda ba.

Kullum tsokanata kake yi wai aikina juya haruffa ne kamar mai suyar ƙosai. To bari in gaya maka yadda suyar take. Da farko sunan mutum a shimfiɗe yake kamar rubutun takarda. Sai in ba shi kauri, ya samu gaba da gefe da baya. In goge masa baki, in sa masa fata, ko ta zinariya ko ta azurfa ko ta dutse. Sannan in kunna masa fitilu a cikin manhajar don ya yi ƙyalli ya jefa inuwa. Idan ina son ya motsa, sai in kafa alama inda zai tashi da inda zai tsaya, kwamfuta ta cike tafiyar da ke tsakani. Shi ake kira tiri-di, kuma masu biki suna matuƙar sonsa.

Alhaji ya ja kujera ya zauna kusa da ni, turarensa ya cika shagon. Bai gane ni ba. Ina zai gane ni, tun ina firamare Goggo ta ɗauko ni daga ƙauye zuwa nan Kazaure, shi kuma ba ya kallon fuskar mai yi masa aiki. Ya ce, "'Yata, zinariya nake so, wadda za ta kashe ido." Abin da za a rubuta kuwa shi ne: Alhaji Maikasuwa, wanda ya kafa wannan makaranta.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Sai ya shiga ba ni labari. Wai shi kaɗai ya tara 'ya'yan makiyaya a gindin gawo. Wai shi ya bi rugage da ƙafa yana roƙon iyaye su cire masa yaro ɗaya daga cikin masu kiwo. Wai akuya ta taɓa cinye masa takardar sunayen yara. Yaya, duk aikin mahaifinmu ne, har akuyar Baffa bai bari ba. Ya ƙara da cewa gawon ne ke kare su daga ruwan damina, shi da bai taɓa zama a gindinsa ba balle ya san da damina yake zubar da ganye.

Kai ka ga farkon abin, kai ka ɗauko karan rumfar farko a ka. Ni ƙarshen na gani. Gonar Baffa ce makarantar take zaune a kai. Babu mai musun cewa Alhaji ya zo daga baya da siminti da kwano. Amma da aka zo yi wa makarantar rajista sai ya sa sunansa, ya kawo shugaba mai takardar shaida, aka ce Baffa ya riƙa kula da ƙofa yana buga ƙararrawa. Ya buga ta zango ɗaya, sannan ya koma bin shanu. Ka tuna ko kasuwar Babura za shi sai ya zagaya ta bayan gari don kada ya bi ta gaban ginin, haka ya yi har ya rasu.

Na rubuta wa Alhaji sunansa, na sa masa zinariyarsa. Ya ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin. Amma na ƙulla a raina cewa a wannan fili, a gaban wannan taro, sai an ambaci sunan Baffa, kuma sai Alhaji ya ji da kunnensa. Ban san ta yaya ba tukuna. Idan ka hau dutsen naka ka kira Inna, don Allah kada ka ɗauko mata zancen.

Ka gaida mutanen wajenku. Ka riƙa ɗaure ƙafar nan.

Taka ƙanwa,
Mu'minat.

Kazaure,
farkon watan Sha'aban.

Yaya Auwal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan jiki da sauƙi. Mu nan sai godiya. Takardarka ta iso. Na karanta inda ka ce in bar wa Allah, na kuma ga inda alƙalaminka ya huda takardar daidai sunan Alhaji. Ban san wanne zan ɗauka a matsayin shawararka ba.

Sannan na gode da riƙon amana. Ko kwana biyu ba a yi ba Inna ta aiko in je gida. Ta zaunar da ni ta ce, "Mahaifinku bai yi faɗa da kowa ba yana raye. Kada ki jawo masa faɗa yana kwance." Na ce to. Ka san irin wannan to ɗin nawa.

Bari in faɗa maka abin da na fara yi. Na haɗa wani rubutu inda sunan Alhaji zai taso da ƙyallinsa, ya tsaya, sannan ya tsattsage, haruffan su riƙa ɓallewa suna faɗowa suna farfashewa. Na sa musu nauyi sosai, har da ƙarar faɗuwa. Na kalle shi ban san adadi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Amma da na yi tunani sai na goge. Mutane za su ce kwamfuta ce ta lalace, wasu ma su tausaya masa, a watse ba wanda ya tuna da Baffa. Ni ba kunyarsa kaɗai nake nema ba.

Ina cikin wannan sai ga shi ya dawo da sabuwar buƙata. Ya ga wani rubutu a talabijin yana juyawa gaba ɗaya, shi ma irinsa yake so. Na nuna masa cewa idan haruffa suka juya baya a birkice ake ganinsu, sai dai in ɗora su a kan allo mai kauri, allon ya juya da su. Ya ce ma sha Allah, haka ya fi. Bai tambaye ni abin da zai kasance a bayan allon ba, ni kuma ban ga dalilin ɓata wa babban mutum lokaci ba.

Ya kuma ja mini kunne kada rubutu ya yi sauri, domin Haladu sanƙira ne zai riƙe makirfo yana karanta duk abin da ya fito a allo saboda tsofaffin da ba su yi boko ba. Yaya, ka tuna Haladu? Mutumin da bakinsa ke riga tunaninsa. Shi ne a bikin gidan Goggo ya karanta katin gayyata tun daga bisimilla har lambar wayar maɗaba'ar da ta buga shi.

Ka kuma san mutanenmu. Ba a ambaton mamaci a taro a wuce haka nan. Sai liman ya ɗaga hannu, kuma idan liman ya ɗaga, babu wanda hannunsa zai zauna a cinya, komai girman rawaninsa. Ina jin yanzu ka gane inda na dosa.

Da Alhaji zai tafi ya ce ni yarinya ce mai tarbiyya, iyayena sun yi dace. Na ce na gode. Tun ranar da ya fara zuwa ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba sai yau.

Kada ka wahalar da ƙafarka wajen hawa dutse saboda ni, na riga na yanke. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Mu'minat.

Kazaure,
tsakiyar Sha'aban.

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Wannan gajeruwa ce, Nafi'u yana jirana a tasha.

An gama. Alhaji ya ga ɗanyen aiki ya amince. Haka muke yi wa kowa, domin cikakken yana cin kwamfuta yini guda tana huci, don haka mai aiki sai a nuna masa mara nauyi. A nasa allon yana fara karkatawa na tsayar, na ce sauran sai ranar biki.

Bayan allon ban sa masa zinariya ba. Na sa masa launin jar ƙasa irin ta bangon ajin farko, rubutun kuma fari kamar alli. Ga abin da ke kai: Marigayi Malam Daudu, wanda ya kafa wannan makaranta a gonarsa. Allah ya jiƙansa. Fitilar da ke haska zinariyar Alhaji na sa ta riƙa mutuwa a hankali yayin da allon ke juyawa.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tsawon tsayuwar sunan. Idan ya yi gajarta, za a ce kuskure ne a wuce. Sai na rufe ido na karanta Fatiha a hankali, irin jan da limaminmu yake yi, na ƙara da lokacin shafawa. A nan na kafa alamar da allon zai sake juyawa.

Abu ɗaya ne ke tsaya mini a wuya. A ƙa'ida Oga Musaddiƙ yana kallon kowane aiki kafin ya bar shago. Wannan karon yana da biki a Roni, daga can ya wuce Gwiwa, sai ya miƙo mini makulli ya ce ba sai ya duba ba, ya san hannuna. Shi ne ya ɗauke ni lokacin da kowa ke cewa mace ba za ta iya ba. Na san abin da nake shirin yi masa, kuma ban fasa ba.

Ka yi mini addu'a, ko da ba ka yarda da ni ba.

Mu'minat.

Daga gida,
ƙarshen Sha'aban.

Zuwa ga Yaya Auwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, azumi kuma zai same ka da ƙarfinka. Daga ɗakin Inna nake rubuto maka, za ka ji dalili. Na san labari zai iso maka a bakin direbobi da ƙari da ragi, don haka ga nawa.

An cika filin makarantar. Manyan baƙi daga Kazaure da Yankwashi da Kanya Babba suna ƙarƙashin rumfa, mata a gefe, tsofaffin rugage kuma suna can baya a tsaye da sandunansu, ba wanda ya ba su kujera. Inna ba ta zo ba, ka san ba ta taka wurin. Ni ina bayan tebur da kwamfuta. Bayan yara sun yi karatu aka ce a kunna fim, na kunna.

Sunan Alhaji ya taso yana walƙiya. Gaskiya ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Haladu ya karanta, ya zuba kirari, Alhaji yana gyara zaman babbar riga. Sai allon ya fara juyawa, zinariyar ta dusashe, jar ƙasa ta bayyana. Haladu bai ko ja numfashi ba. Da muryar da ya yi kirarin da ita ya karanta sunan Baffa, da gonarsa, har Allah ya jiƙansa, sannan ya tsaya da baki a buɗe yana kallon rumfa.

Can daga baya wani tsoho ya ce amin. Sai na kusa da shi, sai wajen mata, har ta zagaye filin. Liman ya ɗaga hannu. Ni ban kalli kowa ba sai Alhaji. Hannunsa yana kan gwiwa, ya dubi dama ya dubi hagu, ya ga duk manyan baƙinsa sun ɗaga. Sai ya ɗaga. Na ga leɓensa yana motsi. Sunan Baffa yana tsaye a samansa har aka shafa, sannan allon ya juya. Yaya, da a nan aka tashi da na ce na gama da duniya lafiya.

Amma ka san mutumin. Ya miƙe ya karɓi makirfo daga hannun Haladu. Ya ce shi da kansa ya sa a yi haka, ya ɓoye ne don ya ba jama'a mamaki. Ya ce Malam Daudu ɗan'uwansa ne, shi ya kafa makarantar nan, shi Alhaji rufi kawai ya yi mata. Har ya ciro hankici ya kai ido. Aka yi ta kabbara, ana cewa irinsu masu riƙon amana sun yi ƙaranci. Ina zaune ina ji, kamar in fizge wayar allon. Ya ci gonar, ya ci makarantar, yanzu ga shi yana cin ramuwata ina kallo.

Sai dai ya faɗa da bakinsa. Kyamarar Oga ta ɗauka, wayoyin mutane sun ɗauka, ba shi da hanyar haɗiye ta. Kafin ya zauna tsofaffin nan na baya suka matso, ɗaya ya ce tunda Alhaji ya faɗi gaskiya, sai a sa sunan a bakin ƙofa inda yara za su riƙa gani. Liman ya ce wannan magana ce mai kyau. Alhaji ya ce in sha Allahu, fuskarsa kamar ya tauna maɗaci.

Da ana watsewa ya biyo ta gaban teburina. Wannan karon ya kalli fuskata sosai. Ya rage murya ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Na sauko na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mana, na gaishe shi da gajiya, na ce, "'Yar mai buga ƙararrawa ce, Alhaji." Ya kau da kai ya wuce. Ba zai iya zagina a gaban mutane ba, tunda yanzu ya gama cewa shi ya sa ni.

Amma ya kira Oga a waya. Washegari Oga ya ce in ba shi makullin shago. Ya ce bai musa gaskiyata ba, da shi ne ma wataƙila abin da zai yi ke nan, amma mutane suna kawo mana sunayensu ne don sun yarda da mu, kuma shi ba zai ƙara iya barin aiki a hannuna ya tafi Roni ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Na ba shi makullin, na roƙi gafararsa, na hau mota na taho gida.

Idan kana son sanin ko zuciyata ta yi sanyi, ba ta yi ba. Ban yafe wa Alhaji ba, kuma duk wanda ya yabe shi a gabana sai na ji abin ya dawo sabo. Amma da za a mayar da ni gaban kwamfutar nan, abin da na yi shi zan sake.

Na iso bayan la'asar na tarar mata sun riga ni kawo labari. Inna tana tsakar gida tana wanke ƙwarya, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Ta ce ba haka ta rene ni ba. Ta ce na ci amanar wanda ya ba ni sana'a, na kunyata dattijo a gaban baƙinsa, kuma na ce mata to alhali ba to ba ce a raina. Na sunkuyar da kai, domin duk gaskiya ta faɗa. Ta ci gaba da wankinta.

Can ta kife ƙwaryar, ta goge hannu a zani, ba ta dube ni ba ta ce, "Ina abin yake?"

Na ciro waya na kunna mata. Ta kalli zinariyar. Da allon ya juya sai ta ce in tsayar, na tsayar. Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana duban fararen haruffan. Sannan ta ce, "Wanne ne nasa a ciki?" Na nuna mata inda ya fara da inda ya ƙare. Ta kai yatsa ta ɗora a kai. Ka san halin waya, taɓawar da ta yi sai fim ɗin ya ci gaba, allon ya juya, zinariya ta dawo. Ta janye hannu da sauri ta ce, "Mayar da shi."

Na mayar. Har aka kira magariba muna zaune a wurin, tana taɓawa ina mayarwa.

Tana gaishe ka, ta ce ka yi ƙoƙari ka zo sallah. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Mu'minat Daudu.